Abin da Ya Taɓa Hanci: Me Ya Sa Ba Kowace Toshewa ce Hassasiyya Ba

Akwai wani dattijo da ke zuwa saidaliyyar, wato kantin magani, da nake aiki a nan Makka, ta wajen Shara Mansur, kusan duk bayan kwana goma. Ba ya doguwar magana. Sai ya ɗora kwalbar da ta ƙare a kan kanta, ya ɗaga yatsu biyu. Otrivin yake nufi, maganin feshi na buɗe hanci, ɗaya ta aljihu, ɗaya ta ƙarƙashin matashi. Ranar da na ga abin ya yi yawa na ce, "Baba, tun yaushe kake fesa wannan?" Ya ɗan yi lissafi, ya ce tun shekarar Hajjin korona. Na ce ai takardar da ke cikin kwalin cewa ta yi kada a wuce 'yan kwanaki. Ya yi murmushi irin na manya ya ce, "Ɗana, hassasiyya ce da ni. In ban fesa ba, babu barci."

Hassasiyya dai, wato alaji, inda garkuwar jiki ke faɗa da abin da ba shi da illa, ta zama buhun da muke zuba duk wata damuwar hanci a garin nan. Mai atishawa hassasiyya, mai yoyon hanci hassasiyya, wanda turaren wuta ya hana shi zama a ɗaki shi ma haka. Amma da yawa daga cikin masu faɗar haka, in aka kai su mustashfa, wato asibiti, aka gwada fatarsu da jininsu, ba a samun alamarta ko kaɗan. Ciwon na nan, ba ƙarya suke yi ba. Sai dai tushensa ba a garkuwar jiki yake ba, a jijiyoyin da ke juya hancin yake. Shekaru fiye da ɗari ke nan likitoci suna tono wannan batu, kuma abin da suka tono ya isa ya sauya yadda muke sayen magani.

Kafin mu shiga, akwai 'yar matsala ta harshe. Hausa ta haɗa abubuwa da yawa a kalmar jijiya: wadda jini ke bi jijiya ce, wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi ita ma jijiya ce. A nan zan riƙa cewa jijiyar jini da jijiyar saƙo, domin labarin hanci gaba ɗaya labarin yadda ta biyun ke mulkin ta farkon ne.

Abin da muke gani a fuska, karan hanci da ƙofofi biyu, zaure ne kawai. Cikin gidan yana can baya, ya miƙe har saman maƙogwaro, da shamaki a tsakiya ya raba shi biyu. A bangon kowane ɓangare akwai tsokoki uku, ɗaya bisa ɗaya kamar kantoci, waɗanda likitocin nan ke kira ƙarniyyat. Naman da ya lulluɓe su cike yake da ramukan jini kamar soso. In jini ya cika ramukan, naman ya kumbura, hanya ta matse. In jinin ya janye, hanya ta buɗe. Saboda haka mafi yawan abin da muke kira toshewar hanci ba majina ba ce, jini ne ya taru, shi ya sa mutum zai yi ta fyacewa har kunne ya yi ƙara amma ba abin da ya fito. Kuma ba banza aka yi wannan soson ba. Iskar da babban mutum ke shaƙa a yini ta kai lita dubu goma, hanci ne kuma ke ɗumama ta, ya jiƙa ta, ya tace ƙurarta kafin ta isa huhu.

Wa ke ba ramukan nan umarni? Ba kai ba. Wasu jijiyoyin saƙo ne masu cin gashin kansu, irin waɗanda ke tafiyar da bugun zuciya da narkar abinci. Ɓangare ɗaya nasu zan kira shi na ko-ta-kwana, don shi ke tashi in an tsorata ko ana gudu. Yana fitowa daga laka ta wajen saman ƙirji, ya hau wuya, ya bi babbar jijiyar jini ya shiga ƙoƙon kai, sannan ya sauko hanci. Sinadarin da yake zubawa, noradirenalin, matse jijiyoyin jini yake yi. Duk wanda ya taɓa yin sa'ayi da mura ya san wannan ko bai san sunansa ba: kana fara sassarfa tsakanin korayen fitilun nan sai ka ji hanci ya buɗe tar, kana zama ka huta a Marwa kuma ya koma gidan jiya.

Wannan ɓangaren ba ya matse ƙofofin biyu daidai wa daida. Karɓa-karɓa suke yi. Toshe ƙofa ɗaya da yatsa ka shaƙa, sannan ka gwada ɗayar, za ka ji ɗaya ta fi sakewa. Bayan 'yan sa'o'i ka sake gwadawa, sau da yawa za ka tarar sun yi musaya. Wani likitan Jamus mai suna Richard Kayser ne ya bayyana wannan a 1895 a birnin Breslau, wanda yanzu yake cikin Poland. Mai lafiya ba ya lura, don jimillar iskar ba ta sauyawa sosai. Sai an yi mura, ko shamakin tsakiya ya karkace, sannan mutum ke jin toshewar na yawo daga dama zuwa hagu. Kwanciya ma tana da hannu. In ka kwanta ta ɓarin dama kamar yadda aka koya mana, ƙofar dama ce za ta cika, ta hagu ta buɗe. Mutane na ɗauka majina ce ta gangaro. Gwaji ya nuna danne hamata ko kafaɗa ta gefe ɗaya kaɗai ya isa ya jawo haka, wato saƙo ne fata ta aika, jijiya ta amsa.

Ɗaya ɓangaren, na hutu da narkar abinci, shi ne mai famfo. Yana fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa tare da jijiyar da ke motsa fuska, ya ratsa wani siririn rami a ƙashi, inda ake kiran sa jijiyar Vidiyan, sunan wani likitan Italiya na ƙarni na 16. Daga nan ya isa wata 'yar tasha a can bayan hanci. Sinadarinsa asetilkolin, aikinsa kuwa ya ce wa masu yin majina su saki ruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne daga wannan tashar hanya biyu ce ke fita, ɗaya zuwa hanci, ɗaya zuwa inda ake yin hawaye. Kakanninmu da suka ce abin da ya taɓa hanci ido ruwa yake yi, zumunci suke nufi, amma da a ɗakin fiɗa suka faɗe shi ba wanda zai gyara musu. Masu bincike a Amurka sun gwada: sun ɗiga abin da mutum ke da hassasiyyarsa a ƙofar hanci ɗaya kawai, sai ga ɗaya ƙofar da ba a taɓa ba tana yoyo, ido kuma yana ƙaiƙayi da hawaye. Da suka sa maganin da ke tare asetilkolin a ƙofar da ba a taɓa ba, yoyonta ya ragu ƙwarai.

Sai mai gadi. Ita ce jijiya mai rassa uku, ta biyar cikin sha biyun da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, wadda ke ɗauke da jin fuska duka, har ciwon haƙori. Bakunanta na nan birjik a fatar cikin hanci suna sauraron zafi, sanyi, hayaƙi, ƙura. In ta ji abin da ba ta yarda da shi ba sai ta kai ƙara sama, sama kuma ta ba da umarnin atishawa, ta buɗe famfo. A 2021 masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis suka gano, a jikin ɓeraye, ainihin sinadarin da ke kai saƙon atishawa zuwa gindin ƙwaƙwalwa, sunansa neuromedin B. Ɓerayen da aka hana wannan sinadari aiki, atishawarsu ta ragu matuƙa. Mai gadin nan kuma ba kai ƙara kaɗai ta iya ba, takan yanke hukunci da kanta. Bakunanta na iya zubar da wasu sinadarai nan take a wurin, su buɗe jijiyoyin jini, nama ya kumbura, ba tare da ƙwayar cuta ko hassasiyya ta shigo ba.

Kada a ce na kore hassasiyya. Tana nan, kuma an daɗe da saninta. Abubakar ar-Razi, likitan da ya yi zamani a Rayy da Bagadaza sama da shekara dubu da suka wuce, ya yi rubutu a kan dalilin da ya sa Abu Zaid al-Balkhi ke kamuwa da zukam, wato mura, duk lokacin da wardi ya yi fure. A 1873 wani likitan Manchester, Charles Blackley, wanda shi kansa ke fama da ita, ya tabbatar garin fure ne sanadi, ta hanyar gwadawa a hancinsa da fatarsa. Sai a 1966 da 1967 ne Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Denver, da kuma Johansson da Bennich a Uppsala ta Suwidin, suka kama ainihin sojan garkuwar jiki da ke haddasa rigimar, wanda aka sa wa suna IgE. Shi ne ke ɗaukar abin da ba shi da illa a matsayin maƙiyi, ya sa a zubar da histamin, sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da atishawa. Shi ake nema in an tsaga fatar hannu an ɗiga ruwaye, ko an ɗebi jini.

A ƙasar nan binciken da aka yi a Riyad ya sha nuna garin furen bishiyar miskit, wadda aka shigo da ita aka dasa a bakin tituna, da na dabino, da kyankyasai, da kyanwa. A garuruwan gaɓar teku masu gumi irin su Jidda, ƙananan ƙwarin ƙurar katifa da ido ba ya gani sun fi yawa. 'Yan'uwanmu da suka zo daga Sudan kuwa sun san nimitti, ƙananan ƙwarin da ke tasowa daga kogin Nilu kamar hayaƙi a arewacin ƙasar, waɗanda tun shekarun 1970 aka tabbatar suna jawo hassasiyyar hanci da asma. Mai irin wannan yana da alamunsa: ƙaiƙayi a hanci da ido da ganɗa, atishawa a jere, kuma ƙwayar maganin histamin tana yi masa aiki.

To amma ɗauki matar da za ta ce maka ba ƙaiƙayi, ba komai, ita dai da ta fito daga rana ta shiga ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki sai hanci ya ɓalle. Ko wanda ke gudun majalisar da aka kunna bakhur, wato turaren wuta. An gwada su, babu IgE. Sun sha ƙwayoyin histamin kala-kala, ba su tsinana komai ba sai barci. A da likitoci kan rasa sunan da za su ba wannan, sai su ce kumburin hanci marar sanannen dalili. A 1998 wasu likitoci a Rotterdam ta Holan suka nuna cewa in kana son ware irin waɗannan marasa lafiya daga masu lafiya, busasshiyar iska mai sanyi za ka hura musu a hanci. Ta fi histamin kanta tona su. Da na karanta wannan dariya na yi, don abin da suka sha wahala suka haɗa a ɗakin gwaji shi ne rayuwarmu ta kullum. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami. Daga irin wannan mutum zai faɗa mota mai sanyi, ya fito, ya shiga masallaci mai sanyi, ya fito, ya kwana iskar mukayyif na dukan fuskarsa. Hancin da mai gadinsa ke da saurin fushi ba zai ga da kyau ba.

Me ya sa na wasu ke da saurin fushi? Amsar ta fito daga inda ba a zata ba, daga barkono. A 1997 David Julius na Jami'ar Kalifoniya a San Francisco ya gano 'yar ƙofar da ke jikin jijiyoyin ji, wadda kafsaisin, sinadarin yajin barkono, ke buɗewa. An sa mata suna TRPV1. Ita ce kuma ke buɗewa in zafi ya haura wajen digiri 43, shi ya sa baki ke jin barkono kamar wuta. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Daga baya likitocin Jami'ar Leuven ta Beljiyam suka duba fatar hancin masu wancan ciwo marar dalili, suka tarar ƙofofin TRPV1 sun yi musu yawa. Ƙararrawar ce ta lalace, tana kaɗawa ko iska ce ta wuce.

Maganin da aka gwada kuwa, in ka ji shi za ka ce wasa ne: a fesa kafsaisin ɗin a hanci. Dabarar ita ce in aka yi ta dukan jijiyar da shi a kai a kai, sai ta ƙarar da sinadaranta, bakunanta su janye, ta yi laushi. A tsarin da aka gwada a Holan ana fara kashe zafin wurin da magani, sannan a fesa sau biyar a yini guda, sa'a ɗaya tsakani, kuma da dama sun sami sauƙin da ya kai watanni. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta yi a 2015 ta ce hanya ce da za a iya gwadawa ga masu irin wannan ciwo, ƙarƙashin kulawar likita. Ina jaddada kulawar likita, don na san mutanenmu. Kada wani ya karanta wannan ya ɗauko yajin tsire. Awon da ake amfani da shi ɗan mitsitsi ne, a ruwa mai tsafta.

Akwai kuma waɗanda famfon ne ya fi ƙarfinsu. Mutum na cin mandi da shaɗɗa ko farfesu mai attaruhu, hanci na ɗiga. Tsofaffi da yawa ma ba sai da yaji ba, hankici ba ya barin hannunsu, ruwa ne tsararo ba ƙaiƙayi ba atishawa. Wannan aikin asetilkolin ne tsantsa, kuma feshin ipratropium, mai tare shi, ya fi kowace ƙwaya yi musu amfani. Mai juna biyu na iya toshewa na watanni, ta warke bayan haihuwa. Wasu magungunan hawan jini na toshe hanci. Haka ma Viagra da danginta, tunda buɗe jijiyoyin jini suke yi, ba su kuma san iyaka ba. Wannan na ƙarshen ba a cika faɗa mini shi a kan kanta ba, sai na yi tambaya da dabara.

Wani abin mamaki kuma, jin cewa hanci a buɗe yake daban, buɗewar kanta daban. Ba mu da ma'aunin iska a hanci. Abin da jijiya ke ji shi ne sanyin da iska ke bari in ta wuce, ta wata ƙofar mai suna TRPM8 da aka gano a 2002. Mantol, sinadarin na'ana'a da ke cikin Vicks da Robb, wannan ƙofar yake taɓawa. Ronald Eccles da abokan aikinsa a Cardiff sun auna: mutum ya shaƙi mantol ya rantse hanci ya buɗe, na'ura kuma ta nuna hanyar iska ba ta ƙaru ba. Ba na hana kowa shafawa, jin daɗi ma wani abu ne, amma a san ruɗi ne mai daɗi. Juyin wannan shi ne abin tausayi. A shekarun baya likitoci kan yanke ƙarniyyat kusan duka don a buɗe hanya. Wasu da aka yi wa haka sai suka dawo suna kukan ba sa iya numfashi, alhali in an leƙa hancin fili ne fetal. An cire naman da ke jin wucewar iska, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauka iska ba ta shiga. Eugene Kern na asibitin Mayo a Amurka ya sa wa abin suna a 1994, ciwon hancin da ba komai cikinsa. Shi ya sa likitan kirki yanzu ragewa yake yi, ba ya kwashewa.

Yanzu mu koma kan kwalbar Baba. Sinadarin da ke cikinta, zailometazolin, da ɗan'uwansa oksimetazolin, kwaikwayon jijiyar ko-ta-kwana suke yi. Suna zama inda noradirenalin ke zama, su matse jijiyoyin jini da ƙarfin da ya fi na jiki. Cikin minti kaɗan hanci ya buɗe. Ga mai mura na kwana uku, ko mahajjacin da zai hau jirgi kunne a toshe, alheri ne. Matsalar ita ce in aka daɗe ana yi wa jijiyoyin jini tsawa daga waje, sai su daina jin muryar gida. Maganin na sakin su sai su cika fiye da da. Mutum ya sake fesawa. Tazarar da ta fara da sa'a goma ta dawo shida, ta dawo uku. Murar da ta kawo shi ta warke tun tuni, abin da ya rage ciwon da maganin ya haifa ne. Shigo-shigo ba zurfi. Kuma laifin ba na masu saye kaɗai ba ne, in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu: ana sayar da shi ba takardar likita, yana da araha, mu da ke bayan kanta kuma sau nawa muke tsayawa mu yi tambaya in layi ya yi tsawo?

Da likitoci suka gane jijiya ce ke buɗe famfo, dole wani ya yi tunanin yanke ta. Wani likitan Ingila, Golding-Wood, ya yi hakan a 1961, ya datse jijiyar Vidiyan. Yoyo ya tsaya. Amma ka tuna tashar nan mai hanya biyu: da yawa sun koma fama da bushewar ido, garin neman gira. Daga ƙarshen shekarun 1990 likitocin Japan suka koma yanke ƙananan rassan da ke shiga hanci kawai, bayan reshen ido ya riga ya rabu. Yanzu ma ba sai an yanka ba. Akwai na'urori irin su ClariFix mai daskarar da reshen da sanyi, da RhinAer mai ƙona shi da ɗan zafi, ana yi mutum na zaune a kujera. Gwaje-gwajen da aka kwatanta su da aikin bogi sun nuna mutane da dama na samun sauƙi. A ganina dai wannan na wanda ya gwada sauran hanyoyi ne suka gaza, ba na wanda ya ga talla a waya ba.

Ban taɓo jijiyar ƙamshi ba, wadda ke can rufin hanci tana ratsa wani ƙashi mai huji-huji kamar rariya zuwa ƙwaƙwalwa. Ita hanyarta daban. Abu ɗaya kawai zan faɗa saboda masu tambayata tun bayan korona. Binciken Harvard na 2020 ya nuna ƙwayar cutar ta fi kama ƙwayoyin halittar da ke tallafe da jijiyar, ba jijiyar kanta ba, shi ya sa yawanci ƙamshi ke dawowa. Wanda nasa ya yi jinkiri, akwai horon da Thomas Hummel na Dresden ya gwada a 2009: a riƙa sunsuna wardi, lemun tsami, kanumfari da man bishiyar turare (eucalyptus), safe da yamma, na aƙalla mako 12. Duk ana samun su a shagon attar, mai sayar da turare da kayan ƙamshi.

Akwai inda ba a jira. Toshewar da ta tsaya a gefe ɗaya ba ta musaya, haɓo a kai a kai daga ƙofa ɗaya, ido ya fara turowa ko gani ya rabu biyu, ko ruwa garau mai gishiri-gishiri na ɗiga ta gefe guda bayan buguwa a kai: wannan ba maganar saidaliyya ba ce. A ƙasashe masu zafi da ƙura irin nan da Sudan, fumfuna kan yi gida a kogunan da ke kewaye da hanci. Tun 1969 likitocin Khartoum suka ba da rahoton irin wannan, kuma fumfunar da suka fi samu, Aspergillus flavus, ita ce dai mai ɓata gyaɗa a rumbu.

Da Baba ya yarda ya je ya ga likitan hanci, gwaji bai nuna hassasiyya ba. An ba shi abu biyu. Na farko wanke hanci da ruwan gishiri, giram 9 a lita ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. Ya ce ai yana shaƙa ruwa a alwala sau biyar. Na ce wannan daban, Baba, ruwa zalla in ya shiga can ciki yaji yake yi, mai gishirin daidai da na jiki kuwa ba ya yi. Ya ce yau ga ranar da hanci ya san daɗin gishiri. Na biyun ne muka sha daga: feshin kotizon. Mutanenmu na jin sunan sai su tuna wata da ta kumbura da shan ƙwayoyi. Na yi masa bayani cewa na feshi kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini, cewa ba ya buɗe hanci nan take sai an yi kwanaki ana yi, kuma a karkata bakin kwalbar wajen kunne, kada a harbi shamakin tsakiya don gudun haɓo. Likitan ya ce ya fara yaye ƙofa ɗaya, ya bar ɗayar da tsohon maganinta har ta farkon ta farfaɗo, ya kuma juya bakin mukayyif daga kan gadonsa.

Makon farko ya zo ya ce mini ban kyauta masa ba, da baki yake numfashi, maƙogwaro kamar an zuba yashi. A mako na uku ƙofar hagu ta fara buɗewa da kanta. Jiya bayan isha ya shigo, ya ajiye kwalba a kanta, ya ɗaga yatsa ɗaya. Na ce, "Baba, ta daman fa?" Ya ce in bari sai bayan Ramadan, ba zai haɗa tarawihi da toshewar hanci ba.